Ƙeyar Baba a Lyon

Har yau in na murɗa kan gaz a ɗakin girkina, a ɗan tsakanin nan kafin wuta ta kama, warin da ke tasowa sai ya ɗauke ni ya mayar da ni cikin wata mota. Ba ƙaramar mota nake nufi ba, irin wadda Faransawa ke kira kamfin-kar ce, mai gado da murhu da makewayi duk a cikinta. Ina shekara goma sha ɗaya, sanyi ya kankama, tagogi sun yi gumi, kakata tana zaune a lungu cikin bargo biyu tana cewa ta ƙoshi, alhali ba abin da ta ci. Bari in ɗauko muku labarin daga tushe, don in na fara daga tsakiya za ku ce tsohuwar rigima gare ta. To, tana da rigimar, ba zan ɓoye muku ba, amma ba a wannan maganar ba.

A La Courneuve, a bakin birnin Paris, aka haife ni, a hawa na tara na wani dogon gini da lif ɗinsa ya fi yawan kwana a lalace. Baba karatu ya kawo shi daga Damagaram, ya gama ya samu aiki a wani ɗakin gwajin jini, Mama ta biyo shi daga baya. Kaka mahaifiyar Mama ce. Muryarta kawai na sani a waya, sai shekarar da yanar ido ta rufe mata idanu biyu, Baba ya yi ta faɗi-tashin takardu har aka samu ta zo. Aka yi mata aiki a ido ɗaya, bayan makonni aka yi a ɗayan. Ranar da aka cire mata auduga ta ƙarshe, ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu, ta ce, “Ashe ƙawar tawa mummuna ce, ake ta ɓoye mini.” Na ce mata ta dakata tukuna a kawo mata madubi. Haka muke da ita, jika da kaka, ba wanda ke raga wa wani.

Ban da ido, Kaka tana da ciwon sukari. Ni ce tafintarta a gaban likita, don haka da bakina na faɗa mata abin da ya ce: ƙwaya safe da yamma, kada ta tsallake, kuma kada ta sha ta sai da abinci a ciki. Ya nanata har sau biyu, ni ma na nanata mata sau biyu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai wani abu a gidanmu da ban taɓa iya fahimtar da ƙawayena na lakwal, wato makaranta, ba. Kaka ba ta cin abinci a gaban Baba. Ko ruwa ba ta kurɓa in yana wurin, shi ma haka. Ba ta kiran sunansa, “mai gidan nan” take cewa, kuma ba da shi take magana kai tsaye ba, da iska take yi shi kuma ya tsinta. Kullum da safe Baba zai zo bakin ƙofar ɗakinmu ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa, ita tana duban bango, su yi ta gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina baƙunta, har shayinsa ya huce. Da na ba ƙawayena labari sai suka ce ai ba ta son shi ne. Kai, na ji haushi! Kunyar suruki ce, kuma a wurin Kaka babu wata hanyar girmama mutum da ta wuce wannan. Mama kuwa ɗiyar fari ce, ita ma ba a kiran sunanta, ba a sakin jiki da ita. Duk saƙon gidan ta kaina yake bi. Gidan ƙarami ne, amma yana da ƙofofi, kuma ƙofofin nan su ke rufa wa kowa asiri. Baba ya ci a falo, ni da Kaka mu ci a ɗaki cikin kwano ɗaya, tana tura mini nama tana cewa na cika haɗama.

Saura mako biyu Kaka ta koma gida aka ba mu hutun Fabrairu. Baba ya dawo daga aiki da wata shawara. Ya ce an sha wahala an buɗe ido, amma me idon ya gani? Rufin asibiti, da filin ajiye motoci, da matakalar gininmu. Wani Bafaranshe abokin aikinsa zai ba shi aron kamfin-kar, za mu zaga Paris, mu gangara har Lyon. Sai da na girma na san abin da ke ransa. Lokacin da ya nemi auren Mama ɗalibi ne mai jaka ɗaya, dangi suna ta jan ƙafa, Kaka ce ta tsaya ta ce a ba shi. Tun daga ranar yake neman damar da zai zaunar da matar nan a kawo mata abinci, ita da ta ƙare rayuwarta tana kai wa wasu. Har ya buga waya Lyon ya kama tabur a wani ƙaramin gidan abinci, ya tambaya ya sake tambaya cewa kifi ne, babu alade, babu giya a miya. Komai ya tuna da shi, ban da abu ɗaya.

Da aka kawo motar, mai ita ya zaga da mu yana nuna mana kayanta. Abin da ya fi burge Baba shi ne kujerar direba. Akwai wani ƙarfe a ƙarƙashinta, in ka ja shi sai ka ji ƙwas, kujerar ta juyo ta fuskanci tabur, iyali duka su ci abinci fuska da fuska. Baba ya ja, ya juya, ya mayar, ya sake ja, yana dariya kamar yaron da aka saya wa keke. Na ga Mama ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa. Kaka kuwa ta leƙa ciki ta ce ɗaki ne aka sa wa ƙafa. Da ta buɗe ƙaramar ƙofar baya ta ga makewayi, sai ta tafa hannu. “A nan a dafa, a nan a ci, a nan kuma a yi wancan? Taki biyu tsakani? Lallai Nasara!” Duk da haka ita ta riga kowa shiga, da butarta da dardumarta da wani ƙullin yaji da ba ya rabuwa da bakin mayafinta.

Ranar farko Paris muka zaga. Mun bi ta Porte de la Chapelle, Kaka ta ga ƴan uwanmu baƙar fata tsaye a bakin titi da jakunkunansu cikin wannan sanyi, ta yi musu addu'a. Baba yana ta haɗa gumi da wannan ƙatuwar mota a ƙananan tituna, ana danna masa oda ta ko'ina. Da ƙyar muka samu inda za mu tsaya mu taka zuwa hasumiyar Eiffel. Kaka ta ɗaga kai ta dube ta daga ƙasa har sama, ta tambaye ni su wa ke kwana a ciki. Na ce babu kowa. Ta ce me ake ajiyewa. Na ce babu komai. Ta ce to ƙarfe ne ya yi musu yawa. Amma ba ta sauke kai ba. Can na ji tana cewa a hankali, ba da ni ba, wai tana ganin sandunan ɗaya bayan ɗaya har can ƙololuwa. Sannan ta sunkuya tana kallon tattabaru, ta ce ta manta ƙafafunsu ja ne.

Da azahar muka tsaya a gefen wani daji a gabashin birni. Mama ta kunna gaz ta ɗumama miya, ta zuba shinkafa a faranti huɗu. Baba ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera, ƙwas, ya juyo. Sai ga shi fuska da fuska da Kaka, gwiwarsa ta kusa taɓa tata. Ya murza hannu ya ce bismillah, ransa fari tas. Kaka ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen taga, ta ce, “Ni na ƙoshi.” Wallahi ina kallon fuskar Baba lokacin da abin ya faɗo masa. Shekara goma sha biyar yana cin abinci a kantin wurin aiki da kowa da kowa, murna ta sa ya manta wa ke gabansa. Ya mayar da kujerar a hankali, ya ɗauki guntun burodi, ya ce bari ya duba tayoyi. Ya fita cikin yayyafi.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Da safe Baba ya duba tayoyi, da rana ya duba tayoyi, da yamma ya duba tayoyi. Ban taɓa ganin tayoyin da aka duba kamar na motar nan ba. Zai tsaya a waje da burodi a aljihun mantonsa na sanyi, yana buga ƙafa a ƙasa, yana hura hannu, hayaƙi na fita daga bakinsa. A ganinsa ya gyara kuskurensa. Abin da bai lissafa ba shi ne idon da shi da kansa ya sa aka buɗe. Da wata biyu baya ne, Kaka ba za ta ga komai ta tagar ba. Yanzu kuwa tana ganin surukinta tar, yana rawar ɗari saboda ita. Sai ta yi cokali uku, ta goge baki, ta ce a gaya wa mai gidan nan ya shigo, ta ƙoshi. Sannan ta kwance ƙwayarta ta haɗiye, tunda likita ya ce kada ta tsallake. Rabin maganar likita ta riƙe, ta saki rabi.

Mama takan ce mata a hankali, “Inna, ki ƙara ko kaɗan.” Kaka ta dubi bango. Ɗiyar fari ba ta da bakin matsa wa uwa, sai Mama ta juye ragowar cikin tukunya ta rufe, don kada Baba ya shigo ya gani ransa ya ɓaci. Shi kuma ya shigo ya ga faranti fes, ya yi hamdala. Kowa yana rufa wa kowa asiri, tsohuwa tana ramewa a tsakiya. Ni na gani, na kuma tsokane ta, na ce ko tana rage ciki ne don ta koma Damagaram ta yi sabon aure. Ta ce in rufe mata baki. Na yi dariya na bar maganar, kuma har yau ina jin nauyin wannan dariyar.

Hanyar kanta ta yi daɗi, ba zan ci amanarta ba. Gonaki sun yi fari da ƙanƙarar safe. Mun wuce gonakin inabi, kututture baƙi a jere babu ganye ko ɗaya, Kaka ta tambaya wa ya ƙone wa mutane gona. Ta ga fararen shanu a makiyaya ta ce a rage gudu, ta ƙare musu kallo, ta ce shanu ne ƙosassu amma an manta ba a ba su tozo ba. Muka kwana a wani fili da aka ware wa masu irin motarmu, washegari muka ci gaba. Na lura daga yammacin rana ta biyu Kaka ta rage surutu, na ɗauka gajiyar hanya ce.

Ranar ta uku da hantsi muka bar motar a wajen garin Lyon, muka shiga bas, muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sannan wani ɗan jirgi da igiya ke ja ya hau da mu kan tudun Fourvière. Daga can sama garin duka yana shimfiɗe, rufin gidaje ja, koguna biyu suna ratsa shi, can nesa kuma duwatsu farare. Ina ta nuna wa Kaka, ina jiran ta faɗi wata baƙar magana a kan kogunan, ban ji komai ba. Da na juya sai na ga gumi a goshinta, cikin sanyin da ke yanka kunne. Hannunta na karkarwa a kan ƙarfen da ta dafa. Ta dubi Mama, ta kira ta da sunanta na yanka, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba tunda nake. Mama ta saki jakarta ta faɗi ƙasa.

Muka zaunar da ita a kan benci. Maganarta ta fara harɗewa. Allah ya taimake ni na tuna abin da likita ya ce a yi in sukarinta ya faɗi, kuma ina da wata ɗabi'a ta kwashe ƙananan sukarin da ake naɗewa a takarda a duk inda muka tsaya shan shayi. Aljihuna cike yake da su. Na ɓare uku na tura mata a baki, Baba ya ruga ya dawo da ruwan lemo, yana haki. Ban san minti nawa aka yi ba, na dai san na karanta duk surar da na iya. Can sai ta lumshe ido ta buɗe, ta gyara mayafinta, ta dube mu ta ce me muke kallo.

A nan ne bakina ya ƙwace. Da Hausata mai gauraye da Faransanci na juya kan Baba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce kwana biyu ba ta ci abinci ba, cokali uku take yi. Na ce kai kana waje kana duba tayar ƙarya, ita tana ciki tana ƙoshin ƙarya, Mama tana ɓoye abinci a tukunya, kuma duk kun san ƙwayar nan ba a shan ta da yunwa. Ina faɗa ina kuka. Mama ta mintsine ni a hannu. Kaka ta ce bakina ya fi ni girma. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon garin. Mama ta ce a fasa gidan abincin, mu kama hanyar Paris yau ɗin nan, a gida kowa ya san ɗakinsa. Baba ya dubi agogo ya ce, “An kama tabur, za mu je. Ku bar mini sauran.”

Na bi su muna gangarowa. Na san sukarin aljihuna ba zai riƙe ta ba sai na ɗan lokaci. In ba ta ci abincin kirki da ranar nan ba, asibiti za mu ƙare, tafiyar ta watse, kuma Baba zai rayu da sanin cewa karamcinsa ne ya kwantar da surukarsa. Muka shiga tsohon gari, lunguna matsattsu, ƙasa shimfiɗe da duwatsu. Kaka tana dafe da kafaɗata ta ce lungunan sun yi kama da na unguwar Birni a Damagaram, sai dai babu awaki.

Gidan abincin ƙarami ne, tagoginsa sun yi gumi, ƙamshin man shanu da albasa ya tare mu tun daga ƙofa. Mai wurin wata ƙatuwar mace ce da tabarau rataye a wuya. Ta nuna mana taburinmu, kujera huɗu, biyu na kallon biyu. Baba ya ja ta gefe yana magana ƙasa-ƙasa, ni kuma aikin tafinta ya koya mini kasa kunne. Ya roƙe ta ta ba shi wani ɗan tabur shi kaɗai, wanda ke kallon bango. Matar ta dube shi, ta dubi Mama, ta tambaya ko faɗa aka yi. Ya ce a'a, girmamawa ce, a wurinmu uwar matarka ba ta ci kana kallonta. Sai matar ta ce kakarta a ƙauye ba ta taɓa zama a tabur ba, a tsaye take ci kusa da murhu. Ta ce rabin maganar ta gane, amma rabin ya ishe ta. Da kanta ta jawo wani ɗan tabur ta manna shi da bango a ƙarƙashin inda ake rataye riguna.

Aka zaunar da Kaka a kusurwa, ni da Mama muka tare ta daga idon sauran mutane. Taki uku a gabanta Baba ne zaune, ya ba mu baya, hancinsa ya kusa taɓa bango. Sai a lokacin na gane dabararsa. Ba zai gan ta ba, amma ita za ta gan shi, a cikin ɗumi, a zaune, da faranti a gabansa. Sai dai dabarar tana da tsada a wurinsa, domin shi ma bai taɓa kai loma baki a inda Kaka za ta gani ba. Dole ɗaya ya ajiye tasa kunyar kafin ɗayar ta ci, kuma ya zaɓi ya zama shi. Aka kawo abinci. Ina kallon wuyansa ya sandare. Ya daɗe riƙe da cokali, sannan ya sunkuyar da kai ya fara ci.

Abin da aka kawo mana wani curi ne mai laushi da aka yi da kifi, kamar alala, yana iyo cikin miya mai ruwan ɗorawa, da dankali da aka gasa da madara. Kaka ta dubi ƙeyar Baba, ta dubi farantinta. Ta shinshina. Ta ɗanɗana da bakin cokali ta ce abincin marasa lafiya ne, ba gishiri ba yaji. Sai ta kwance ƙullin bakin mayafinta ta barbaɗa. Ni kuwa ina ƙirga cokali a zuci. Ɗaya, biyu, uku. A na uku numfashina ya tsaya. Ta kai na huɗu, ta kai na biyar, ta ajiye cokalin ta gutsuri burodi ta shiga dangwalar miya da hannu. A wajen ashirin na daina ƙirgawa. Mama tana share ido da ƙyallen tabur, wai yajin ne ya shiga mata.

Da ta kusa cinyewa sai ta jawo ɗan farantin da ke ƙarƙashin kofi, ta zuba yaji a kai, ta miƙo mini. “Ƙawa, kai wa mai gidan nan. Abincin nan ba ya ciwuwa haka.” Na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu bai waiwayo ba, ya juye shi duka a farantinsa. Yajin Kaka kuwa ba na wasa ba ne. Loma biyu ya fara tari, hawaye na zuba, ga shi ba damar juyowa. Mai wurin ta zo ta ga abin da ke faruwa, ta dangwala yatsa ta lasa, ta yi wata ƙara ta ruga neman ruwa. Sai Kaka ta fashe da dariya, dariya ta gaske har da dafa tabur, a ɗaki ɗaya da surukinta. Da ta lafa, ta goge ido, ta dubi kwalbar gishirin da ke gabanta ta ce, “Allah ya yi wa mai gidan nan albarka. Allah ya ba shi masu yi masa.” Baba ya amsa wa bango, “Amin, Inna. Amin.” Daga baya aka kawo wata waina mai jan sukari a sama, aka bar Kaka ta ɗanɗani ɗan mitsitsi, na cinye sauran tana zagina.

Kwana huɗu muka ƙara a tafiyar. Ba a sake jan ƙarfen kujerar nan ba, ba a kuma sake duba taya ba. Lokacin cin abinci Baba zai zauna a mazaunin direba yana kallon gilashin gaba, faranti a cinyarsa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, mu kuma muna bayansa a tabur, Kaka tana cin abincinta har ta nemi ƙari. Mun je unguwar masaƙan siliki a kan wani tudun, inda wani dattijo ya taka mana tsohuwar masaƙarsa ta katako. Kaka ta murza zaren tsakanin yatsunta, ta sa na gaya masa uwarta ta yi kaɗin auduga har ta tsufa, shi kuma ya yanko mata guntun zare shuɗi, ta ƙulle shi kusa da yajinta. Mun je inda kogunan biyu suka haɗu, iska ta kusa tafiya da mayafinta, ta ce ruwa dai ruwa ne, a mayar da ita mota.

Kaka ta koma gida ta yi shekaru masu yawa da idonta tar. Ina shekara goma sha tara na je Damagaram hutu, matan gidan suka ba ni labari tana zaune tana jin su. Wai duk wanda ya tambaye ta me ta gani a ƙasar Nasara da sabon idonta, ba ta kawo maganar hasumiya, ba ta kawo ta koguna. Cewa take, “Na ga ƙeyar surukina. Kwana huɗu ina kallonta ina cin abinci, ban taɓa ƙoshi irin na kwanakin ba.” Na dube ta, ta ce in daina kallonta da wannan mummunar fuskar. Bayan shekara uku Allah ya karɓi abarsa, cikin barcinta, a ɗakinta.

Yanzu ina Montreuil, nan ma kusa da Paris, da mijina, ɗan Maradi ne da ya zo karatu, da ɗiyarmu ƙarama. Zamani ya sauya, ban kuma ce ya lalace ba. In Mama ta zo, a tabur ɗaya muke ci duka, tana kiran mijina da sunansa. Amma na lura in ta ɗauki cokali yakan ɗan karkata kujerarsa wajen taga, ba wanda ya sa shi, ita kuma ba ta taɓa cewa ta gani ba, sai dai takan ƙara loma. Baba ya yi ritaya, ƙeyar nan ta yi fari fat, yana ta maganar a samo kamfin-kar a kai jikarsa Lyon in ta ƙara wayo.

Kwanan baya muna gidansu a La Courneuve ana wannan maganar, sai na gane ashe ba wanda ya taɓa gaya masa abin da Kaka take faɗa a Damagaram. Mama kunya ta hana ta, ni kuma na ɗauka ya sani. Sai na faɗa masa, kalma bayan kalma, yadda matan gidan suka faɗa mini. Ya yi ta juya kofin shayinsa. Can ya miƙe ya ɗauki hularsa, ya ce bari ya sauka ya duba tayoyi. Baba ya shekara uku da sayar da motarsa. Muka bar shi ya sauka.